Yaron da Ke Jira a Ɗakina

Shin mai jin yunwa zai iya zama abokin wanda ke riƙe da abincin? Ba abokin wasa nake nufi ba, aboki na gaske, wanda in an raba ku za ka ji wani abu ya tsinke maka a ƙirji. Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ban yi karatu mai zurfi ba, daga aji tara na tsaya na kama tuƙin motar share ƙanƙara, amma duk abin da ɗakin karatun garinmu ya ajiye a kan kirki da mugunta na karanta shi, wasu littattafan har sau biyu. Babu wanda ya ba ni amsa. Ina jin waɗanda suka rubuta su a ƙoshe suke.

Abin da nake nema a wancan lokacin sanyin ba mai yawa ba ne. So nake Jorma Kettunen ya zauna a teburina ya ci abinci, ko da sau ɗaya.

Jorma abokina ne tun muna 'yan shekara goma. Yana da sha shida ya bar garin nan ya tafi birnin Göteborg aikin tashar jiragen ruwa, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai ga shi ya dawo bayan kusan shekara hamsin, kansa fari fat, ya kama ɗaki a saman shagon gyaran keke zuwa ƙarshen Fabrairu. Bai gaya wa kowa abin da ya dawo da shi ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Sau uku ina gayyatarsa gida. Na farko ya ce yana da aiki. Na biyu ya ce cikinsa ba ya son abincin wasu. Na uku ya dai dube ni, ya gyara hularsa ya wuce.

Iyayensa daga Finland suka zo aikin masana'antar takarda, kamar rabin mutanen da ke dogayen gidajen bayan layin dogo. Uwarsa ta gudu yana aji uku. Ubansa kuwa in an biya albashi ranar Juma'a ba a sake ganin hankalinsa sai Talata. Jorma na cin abincin makaranta da ƙarfe sha ɗaya, daga nan sai na gobe. Ranakun hutu kuma sai yadda ta yiwu.

Kullum in an tashi daga makaranta gidanmu yake biyo ni. Ɗakina na daura da kicin, taku uku ne tsakaninsu. Ƙarfe biyar daidai Mama za ta kira, “Sixten, abinci,” ni kuma in ce wa Jorma, “Jira ni, yanzu zan dawo.” Haka ake yi a kowane gida a layinmu. Ba rowa ba ce. Kowace uwa ta ƙirga dankalinta da mutanen gidanta, kuma ka ciyar da ɗan wata tamkar ka ce mata ba ta iya riƙon gida ba ne. Ni ma na jira a ɗakunan abokai, ina duba littattafansu har su gama. Bambancin kawai shi ne ni in na koma gida akwai tukunya a kan wuta.

Mama ba ta sani ba, domin ba ta taɓa tambaya ba. Ni na sani. Kalma ɗaya daga bakina da ta sa an ƙara faranti. Ban faɗa ba. Sai na riƙa sato busasshen burodi da ɗan cuku a aljihu ina kawo masa.

Makon farko miƙa masa kawai nake yi. A mako na biyu, cikin wasa, na ɗaga burodin sama na ce ya roƙe ni. Ya yi dariya ya roƙa. Bayan haka na ce ya yi haushi irin na kare. Daga baya ya zama sai ya durƙusa da hannu da gwiwa ya zagaya gadon sau biyu, ya yi haushi ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji a kicin ba, sannan in ajiye masa a kan dabe. Sanyi biyu muka yi a haka. Kuma a cikin waɗannan shekarun ne shi ya koya mini fito da yatsu biyu, ya koya mini zagi da yaren Finland, muka haɗa kwale-kwale da tsofaffin katakai, muka kwana a bakin tafki muna kamun kifi. Ban taɓa son wani yaro kamar yadda na so shi ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma har yau na kasa sa su a ɗaki ɗaya.

Ƙungiyarmu ta masu kallon fim tana haɗuwa duk Lahadi da ƙarfe biyu a ƙaramin zauren taro na gari. Mu goma sha ɗaya ne, duk mun yi ritaya. Gunvor Lindahl ce shugaba, tsohuwar malamar firamare wadda har yanzu take duban mutum kamar za ta duba masa farce. Ita ta kafa dokar: in fim ya ƙare sai a zuba kofi, a raba burodin kirfa, sannan a ɗauko wani ɗan jan dokin katako daga kan taga. Wanda dokin ke hannunsa shi kaɗai ke magana, ba mai katse shi ko zai kai awa. In ya gama ya ba fim ɗin maki daga ɗaya zuwa biyar, ya miƙa wa na hagunsa. Jorma ya fara zuwa tun Nuwamba. Kujerar ƙarshe yake zama, ba ya shan kofi, ba ya taɓa burodi, in dokin ya iso gare shi ya faɗi maki kawai ya mayar.

Lahadin da ke kafin ta ƙarshe a watan Fabrairu Gunvor ta kawo fim ɗin ban tsoro. Ta ce jikarta ce ta matsa mata, wai ba na tsoro ba ne sosai, na abota ne.

Labarin wani yaro ne marar abokai a wani gari na can arewa. Wata rana ya tarar da yaro sa'ansa ɓoye a rumfar da ake ajiye kwale-kwale a bakin ruwa, fari sol, yana rawar jiki. Ya kawo masa tuffa, ya amayar. Ya kawo madara, ya amayar. Ashe jini kaɗai cikinsa ke karɓa. Yaron ya fara da zomayen kakarsa, yana tsiyaye jinin a kwalbar madara. Da zomaye suka ƙare ya koma kan karen maƙwabta, da wannan ma ya ƙare ya fara yanka hannunsa. Wani dattijo mai leƙe-leƙe ya shiga rumfar wata rana, bai fito ba, kuma an nuna mana abin da ya rage nasa. Bayan wannan sai yaron ya sayo kwaɗo ya kulle rumfar, ya rataya makullin a wuya. A ƙarshen fim ɗin bazara ta shigo, ƙanƙarar tafki tana narkewa, yaron na zaune a bakin ƙofa da kwalba a cinya, na ciki yana kiran sunansa a hankali.

Aka kunna fitila. Ba wanda ya dubi wani. Gunvor ta share ido da bakin mayafinta, ta zagaya da butar kofi, ta miƙa dokin ga Holger Bjurman.

Holger mahauci ne kafin gwiwoyinsa su ƙi, ajinmu ɗaya da shi da Jorma. Ƙato ne mai saurin dariya, ba shi da mugun nufi ga kowa, kuma na sha ganin irin ɓarnar da marasa mugun nufi ke yi.

Ya ce, “Ni dai jinin nan bai yi mini ba. Shekara arba'in ina yanka, ban taɓa ganin jini ya kwana a kan ƙanƙara ya wayi gari ja ba. Baƙi yake yi. Kuma zomo ɗaya ya cika kwalba? Ko ka matse shi kamar tsumma ba za ka samu rabin kofi ba. Su dinga tambayar masu sana'a mana. Biyu.”

Aka ɗan yi dariya, an samu sauƙi. Ta kusa da shi ta ce ita rabin fim ɗin idonta a rufe yake, amma rigunan sanyin yaran saƙar hannu ce, ta ba da uku saboda su. Wani ya tambaya ina iyayen yaron suke, ina hukumar kula da yara, a ƙasar nan ba za a yi haka ba tare da an gano ba. Wata ta ce na cikin rumfar ba yaro ba ne, kaska ne, ya samu marar gata ya maƙale masa, kuma irinsu suna nan da yawa, ka taimake su sau ɗaya ka ga ta kanka.

Da dokin ya zo hannun Gunvor sai ta riƙe shi da hannu biyu.

“Ni abin da ya taɓa ni shi ne yaron bai taɓa fashi ba,” in ji ta. “Ko ana zuba ƙanƙara, ko ba shi da lafiya, sai ya zo da kwalbar nan. Shekara talatin da takwas ina koyarwa, na san yara. Babba ba zai iya irin wannan riƙon amana ba. Yaro in ya so ka, jininsa ma zai ba ka. Biyar.”

Ni ne na gaba. Tun daga wurin da yaron ya sayo kwaɗo nake fargabar zuwan dokin hannuna. Na ce hoton ya yi kyau, an ɗauki tafkin da kyau, uku. Na miƙa dokin baya ba tare da na juya ba.

Jorma ya karɓa. Muka jira ya faɗi makinsa. Sai ya ɗora dokin a gwiwa ya gyara zama.

“Duk daga wajen ƙofa kuka kalli fim ɗin nan,” ya ce. “Ba laifinku ba ne, can aka ajiye kyamarar. Gunvor, kin ce bai taɓa fashi ba. Gaskiya ne. Amma kin lura ba ya miƙa kwalbar in ya zo? Sai ya zauna tukuna. Ya ba da labarin makaranta, wa ya ture shi, wa ya ci ƙwallo. Na ciki yana ji, yana cewa to, sai me ya faru. Kina tsammani labarin yake sauraro? Kwalbar yake sauraro. Yana jin motsin abin da ke cikinta.”

Gunvor ta buɗe baki, ta dubi dokin, ta rufe.

“Ina da aboki a garin nan muna yara,” ya ci gaba, muryarsa ba ta sauya ba. “Gidansu ƙarfe biyar ake cin abinci. Ina zama a ɗakinsa. Ba ya rufe ƙofar duka, yana barin kamar faɗin tafin hannu. Na san abincin kowace rana da hanci. Litinin kifi, Talata dunƙulen nama, Alhamis miyar wake da fanke. Ina jin ƙarar cokula, ina jin babansa yana cewa a ƙara masa dankali. In ya dawo akwai burodi a aljihunsa.”

Ya faɗi sauran. Roƙon, haushin, zagaya gadon, burodin a kan dabe. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma rage ba. Bai ambaci sunana ba, amma duk wanda ke zauren ya san yaron Finland ɗin nan gida ɗaya kawai yake shiga a layinmu. Mutum tara suka zuba wa kofunansu ido. Da wani wuri ne da na tashi na fita, ko na ce ya isa. Amma dokin na hannunsa, kuma shekara goma sha biyu ban taɓa karya dokar ba.

“Abin da zai ba ku mamaki,” Jorma ya ce, “ban tsane shi ba. Na yi ta ƙoƙari, abin ya ƙi. Domin a duk garin nan shi kaɗai ya lura ina jin yunwa. Kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. A makaranta yana tafiya kusa da ni kamar ba komai. Na yi aure, na rabu, na binne ɗa, duk inda na je ina cewa a raina, ya wulaƙanta ni amma ya rufa mini asiri. Abin namu ne mu biyu. To shi ya sa na cikin rumfar yake kiran sunan yaron. Ba shi da wani sunan da zai kira.”

Aka ji ƙarar injin ɗumama ɗaki. Holger ba ya iya zama cikin irin wannan shirun, tun yana yaro. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, fuskarsa cike da son a sasanta.

“Haba Jorma, yarinta ce fa. Kada ka ɗauke shi da zafi haka. Ai ni ma na gani, ba wani abu ba ne. Ka tuna, Sixten? Ranar da ka ɓoye ni a kabad ɗin kayanka, ni da ɗan gidan mai kantin nan. Na toshe baki da rigarka don kada dariya ta tona mu, kaɗan ya rage in jiƙa wando. Kai kuwa Jorma ka iya haushi, karenmu ma bai kai ka ba. Dukanmu mun yi shirme a lokacin.”

Na manta da ranar. Gaskiya nake faɗa, duk da ba na sa ran a yarda. Shekara hamsin ina tuna burodin da daben, ina auna laifina kamar mai auna nama, amma kabad ɗin na cire shi daga lissafi tsaf. Sai da Holger ya faɗa na ga ƙofarsa a ɗan buɗe, da ni kaina ina tsaye inda ba zan kare musu kallo ba.

Jorma bai dubi Holger ba. Ni ya duba. Ban ga fushi a fuskarsa ba. Kamar mutumin da ya sa hannu a aljihu ya tarar ya huje.

“Holger, dokin ba ya hannunka,” in ji Gunvor. Ta juya. “Mun gode, Jorma, da ka buɗe mana zuciyarka. A gidanmu ma haka ake yi, yaran maƙwabta su jira, ba da wata manufa ba. Zamani ne. Maki nawa za ka ba shi?”

“Biyar,” ya ce.

Ta rubuta a littafinta. Wani ya tambaya ko an watsa gishiri a hanyar coci saboda santsin ƙanƙara, wata ta ce saura burodi uku, a ɗauka kada su bushe. Babu wanda ya yi mini kallon banza. Ɗaya ma har ta dafa mini kafaɗa a bakin ƙofa, kamar ni aka yi wa rashin kunya.

Na cim masa a wajen ajiye motoci, yana tafiya a hankali saboda santsi. Ƙarfe huɗu da rabi ne, gari ya fara duhu.

“Jorma. Ban san yadda zan ce ba. Ka yi haƙuri.”

“Ka ga, har yanzu kai ne mai bayarwa,” ya ce. “A da burodi, yanzu haƙuri. Ni dai in buɗe baki in karɓa, kai kuma ka je ka yi barci mai daɗi.”

“To me kake so?”

“Ni? Kai ne mai so. Sau uku kana tare ni a hanya kamar mai tallar inshora. Har yanzu a gidan kake?”

“A nan nake.”

“Ɗakin yana nan?”

“Yana nan. Littattafai na zuba a ciki.”

Ya ɗan yi tunani. “To zan zo. Ka dafa, ka shirya tebur. Ranar kada ka sa komai a bakinka tun safe. Ƙarfe biyar in na zauna, kai ka shiga ɗakin ka jira har in gama. Ka bar ƙofar yadda kake barin ta.”

“Sai kuma me?”

“Sai mu gani. Ni ma ban taɓa sanin me zai biyo baya ba sai ka shigo.”

Jini ya hau mini kai. Na ce masa shekarata sittin da biyar, ba zan yi wasan yara a gidana ba. Na ce abin da aka yi wa yaro ba a rama shi a kan tsoho, domin wanda ya yi laifin ba shi ne ke tsaye a nan ba, yaro ne ɗan shekara goma da ba shi a duniya yanzu. Na karanta wannan hujjar a wani littafi, kuma lokacin da na karanta ta ta burge ni.

“To wa ke gayyata ta cin abinci?” ya ce. “In ba shi ba ne, ni ban san ka ba.”

Ya tafi.

Lahadin da ta biyo bai zo ba. Aka kalli wani fim na Faransa a kan masu gonar inabi, kowa ya ba shi huɗu. A wajen kofi na ji mai shagon keke ya samu wanda zai shiga ɗakin, Jorma zai bi motar safe ranar Juma'a.

Na yi kwana biyu ina kai da kawowa tsakanin kicin da ɗakin. Taku uku. Na tambayi kaina ko ramuwa tana wanke laifi, ko kuwa laifi biyu kawai ake samu a maimakon ɗaya. Na tambayi kaina ko don shi nake son ya ci abincina, ko don ni. Wannan ta biyun na san amsarta, shi ya sa na fi daɗewa a kan ta farko. Ranar Talata da rana na buga masa waya na ce Alhamis, ƙarfe biyar. Ya ce to, ya kashe.

Na jiƙa waken tun Laraba. Alhamis na tashi ban sha ko kofi ba. Na dafa miyar yadda Mama ke yi, da naman alade mai gishiri da albasa, na soya fanke ashirin na rufe su da faranti. Wajen ƙarfe biyu kaina ya fara sarawa. Awa bakwai kawai ke nan, ga firji cike a bayana. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na ajiye kwano ɗaya, cokali ɗaya, burodi da man shanu da cuku. A raina ina cewa in ya ga na yi duk wannan, zai ce bar shi haka, ɗauko kwano ka zauna.

Biyar saura minti biyu aka buga ƙofa. Jorma ne, a bayansa Holger, riƙe da kwalin madara da murmushin wanda bai san inda aka kawo shi ba.

“Ya ce ka yi miyar wake, wai ta sallama,” in ji Holger, yana cire takalmi. “Kai, ƙamshin nan har bakin titi. Rabona da gidan nan tun ana binne mamanka.”

Na ja Jorma gefe. “Ba haka muka yi da kai ba.”

“Ni ma ba haka muka yi da kai ba,” ya ce. “Ƙaro kwano.”

“Ba zan yi a gabansa ba.”

“To.” Ya mayar da hularsa kai, ya sunkuya yana neman takalminsa. Bai yi kamar mai jiran in tsayar da shi ba. Motarsa gobe da safe ƙarfe bakwai da kwata take tashi, kuma na san ba zai sake dawowa garin nan ba ko a akwati.

Na je na ɗauko kwano na biyu.

Holger ya zauna yana shafa ciki, sai ya ƙirga kwanukan ya dube ni. “Kai fa? Ko likita ya hana ka gishiri?”

“Sixten zai jira mu a ɗakinsa,” in ji Jorma, yana jan kujerar da Baba ke zama.

Na ga lokacin da Holger ya gane. Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya dubi ƙofar fita, ya dubi tukunyar, ya dube ni. Tashi yana nufin a yi magana, a tayar da hankali a gidan mutane, kuma ba a yi mana tarbiyyar haka ba. Ya jawo kujerarsa ciki, ya ce a hankali, “Akwai mustad kuwa?”

Na miƙa masa kwalbar yajin mustad ɗin. Na zuba musu miyar da kaina, na ajiye ludayin ta wajen Jorma. Kafin ya taɓa cokali sai ya ɗauki busasshen burodi guda, ya shafa masa man shanu har gefe-gefe, ya ɗora yankan cuku, ya karya shi biyu. Ya zura a aljihun rigarsa. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni, ya jira.

Na taka taku ukun. Na kwashe littattafan da ke kan gadon na jera su a ƙasa, na jawo ƙofar har ta rage faɗin tafin hannu, na zauna a bakin katifa na ɗora hannuwana a gwiwa.